Kyamarar da za ta iya da teku, dare da rana

Wata Asabar ina zaune a shagona a Nima, ina tace hotunan wani suna da na ɗauka a Maamobi, sai ga ɗan yayata ya shigo ya ajiye min wayarsa a kan tebur. "Kawu, duba min wannan. Megafiksel 20 ce, tana jawo abu ninki 50, kuma mai ita ya ce zai yi min ragi." Yaron ya jima yana tara kuɗi, burinsa ya riƙa bina bakin teku yana ɗaukar masunta. Na dubi hoton kyamarar, na dube shi, na ce: "A ina za ka tsaya idan za ka ɗauki hoton, kuma da ƙarfe nawa?" Ya yi shiru yana sosa ƙeya. Amsar da na ba shi ran nan ce nake rubutawa a nan, don ba shi kaɗai ke yi min wannan tambayar ba.

Ni sana'ata hoton biki ne da suna da hawan Sallah. Teku kuwa wata Hajiya ce ta kai ni. Tana sarin bandar kifi a Chorkor tana aikawa Tamale da Bawku, sai ta buƙaci hotunan da za ta riƙa tura wa masu saye ta WhatsApp, su ga kifin tun daga saukarsa a kwale-kwale har hawansa kan murhun banda. Aikin kwana biyu ne, amma wurin ya kama ni. Yau shekara 11 ke nan, da wuya mako biyu su wuce ban je Jamestown ko Chorkor ko Tema ba, kuma sau da dama na kwana a kan ruwa tare da masu kwale-kwale. A cikin waɗannan shekarun na kashe kyamara ɗaya, na yi asarar gilashin kyamara biyu. Duk abin da zan faɗa, na biya kuɗinsa.

Ka fara da tambayar da na yi wa yaron, domin mai tsayawa a gaɓa da mai shiga kwale-kwale ba abu ɗaya suke bukata ba. Idan a kan yashi za ka tsaya, ko a kan katangar tashar masunta, kana da wurin ajiye jaka, kana iya sauya gilashi, kana iya kafa mazaunin kyamara mai ƙafa uku. Abin da kake ɗauka yana nesa da kai, saboda haka gilashi mai jawo nesa zai yi maka amfani. A cikin kwale-kwale kuwa lissafin duk ya juye. Mutum goma sha wani abu ne a ciki, ga koma, ga jarkokin mai, ga injin Yamaha yana girgiza katakon, ruwa na fallatsowa duk lokacin da hancin jirgin ya daki igiyar ruwa. Wanda za ka ɗauka gwiwarsa tana taɓa taka. A nan gilashi mai faɗin gani kake so, da kyamarar da za ka riƙe da hannu ɗaya, don ɗaya hannun yana riƙe da ranka.

Batun rana ba zan ja shi ba, don kusan kowace kyamara da aka ƙera cikin shekara goma da suka wuce tana iya aikin rana, har da wayar da ke aljihunka. Haske ne ya yi yawa, shi ne damuwar. Ruwa na ƙyalli, yashi na ƙyalli, ɓamɓarokin kifi kamar an watsa azurfa. Kyamara idan ta ga wannan farin sai ta rage haske da kanta, fuskar masuncin kuma, baƙar fata irin tamu, ta koma kamar gawayi, ba ido ba baki. Saboda haka ka tabbatar wadda za ka saya tana da maɓallin nan mai alamar +/-, na ƙara haske ko rage shi, a kusa da yatsanka, ba wanda sai ka shiga cikin jerin saituttuka ka yi ta lalube ba. Ni ina ƙara +0.7 ko +1 idan fuska nake nema, in rage zuwa -0.7 idan tulin kifin amane ne a cikin daro nake so ƙyallinsa ya fito ba tare da ya ƙone fari fat ba. Sai saurin ƙiftawar kyamara: 1/500 na daƙiƙa zai tsayar maka da mutanen da ke jan taru, 1/1000 zai tsayar da fallatsin ruwa ɗigo-ɗigo a cikin iska. Idan da sauran canji, sayi filtar da ake kira CPL. Tana yanke ƙyallin saman ruwa, launukan da aka yi wa kwale-kwale ado da su da tutocin da ke kansu su fito shar. Amma tana cinye haske fiye da rabi, don haka da rana ta faɗi ka kwance ta ka sa aljihu.

Akwai abin da wanda ya koyi hoto a intanet daga mutanen Turai ba zai gane ba sai ya zo nan. Mu a Accra muna kusa da tsakiyar duniya, rana tana fitowa wajen ƙarfe 6 ta faɗi wajen ƙarfe 6, rani da damina bambancin kaɗan ne. Hasken nan mai laushi na tsakanin duhu da fitowar rana bai fi minti 20 da ɗoriya ba, kuma da misalin ƙarfe 8 rana ta riga ta yi ƙarfi. Ni da an sallame sallar Asuba nake kama hanya, ko kokon ba na tsayawa sha, don in isa ƙarƙashin hasumiyar Jamestown da sauran duhu. Idan ka fuskanci teku rana ta hagunka take ɓullowa, hasken ya kwanto a gefen fuskar masu sauke kifi, hayaƙin murhu ya kama launin zinariya. Mafi kyawun hotunan da na taɓa ɗauka a wannan ɗan taƙin ne, kuma a lokacin ido yana gani sarai amma ga kyamara har yanzu dare ne. Wato ko ka rantse ba za ka taɓa kwana a ruwa ba, kyamarar da za ka saya sai ta iya da ƙarancin haske. Shi ya sa nake cewa da dare ake zaɓar kyamara.

To me ke sa kyamara ta gani cikin duhu? Abu biyu ne, kuma babu megafiksel a cikinsu.

Na farko girman sensa, wato ɗan farantin da ke cikin kyamara wanda haske ke sauka a kansa. Ka ɗauke shi kamar mazubin da aka tara lokacin ruwan sama: mai baho ya fi mai kofin shayi samu. Babbar sensa, mai girman tsohon fim, milimita 36 ce da 24. Mai bi mata, wadda ake rubuta APS-C, wajen 23.5 da 15.6 ce. Akwai mai suna inci ɗaya, 13.2 da 8.8. Can ƙasa kuma sai wadda ake rubuta 1/2.3, wajen 6.2 da 4.6, ba ta kai farcen ƙaramin yatsa ba. Idan ka auna faɗin fili, APS-C ta ninka wannan ƙaramar kusan sau 13, babbar kuwa ta ninka ta sau 30. Kyamarar da ɗan yayata ya nuna min, mai jawo abu ninki 50, ƙaramar nan ce a cikinta. Dalilin da ya sa take iya wannan jawowar ke nan a jiki ɗan ƙarami. Da tsakar rana za ta kawo maka mutumin da ke can tsakiyar ruwa har ka ga hularsa. Da magariba ta yi, hoton zai cika da yashi-yashi, fuskoki su narke kamar an shafa da yatsa.

Na biyu faɗin ƙofar gilashin, wanda ake rubutawa da harafin f da lamba. Iya ƙanƙantar lambar, iya yawan hasken da ke shiga. Gilashin da ake haɗawa da yawancin kyamarori a kwali, 18-55mm, yana farawa daga f/3.5, amma da ka jawo shi zuwa ƙarshe ya koma f/5.6. Gilashi mai f/1.8 yana shigar da haske kusan ninki 10 na f/5.6. Ka tsaya ka yi tunanin wannan: hoton da zai tilasta maka kai ISO, wato ƙarfin jin hasken sensa wanda iya hawansa iya yawan yashi-yashi, har 25,600 da gilashin kwali, za ka same shi a ISO 3200 ko ƙasa da haka da ɗan gilashin da ba ya zuƙowa. Wannan ɗan gilashin kuwa yana cikin mafi araha da kamfanonin ke yi. A ganina, mutumin da ya zuba duk kuɗinsa a jikin kyamara ya bar ta da gilashin kwali, doki ya saya ya hana shi dawa.

Idan kuɗinka kaɗan ne, kuma mafi yawan aikinka a gaɓa ne, shawarar da nake bayarwa ita ce kyamara ta hannu mai sensa APS-C da gilashi guda mai f/1.8. Nikon D3500, wadda ta fito a 2018, ko 'yan uwanta D3300 da D5300, tare da Nikon 35mm f/1.8G DX, haɗi ne da na sani ciki da bai. Batirin D3500 yana kai hoto 1,500 da 'yan kai a caji ɗaya, abin da ba ƙaramin alheri ba ne ga mai kwana a ruwa. Sai dai ka kula, waɗannan ƙananan Nikon ɗin ba su da injin juya gilashi a jikinsu, saboda haka ka sayi gilashin da aka rubuta wa AF-S, ban da tsofaffin AF-D, in ba haka ba da hannu za ka riƙa saiti a cikin duhu. Idan Canon ka samu, mutane za su ce maka ka ɗauki 50mm f/1.8. Gilashi ne mai kyau don fuska, amma a kan APS-C na Canon yana komawa kamar 80mm, wanda a cikin kwale-kwale kunnen mutum kawai za ka riƙa samu. Gara ɗan falalen nan EF-S 24mm f/2.8. Mai son Sony a6000 da ƙannenta ya nemi Sigma 16mm f/1.4 ko 30mm f/1.4, amma ya san batirinta ba ya kai hoto 400, sai ya riƙe uku. Wanda aljihunsa ya yi nauyi ya hau babbar sensa: Nikon D750 ko Canon 6D na hannu, ko Sony a7 III. Da D750 nake aikin biki yanzu, da ita nake zuwa gaɓa, amma ba ta taɓa hawa kwale-kwale ba kuma ba za ta hau ba. Da ita nake ciyar da iyali.

Don masu tsayawa a gaɓa da rana, ka ƙara gilashi mai jawo nesa, 55-200mm ko 70-300mm, na hannu ma ya isa. Shi ne zai kamo maka kwale-kwale lokacin da yake hawa kan igiyar ruwa zai shigo.

Abin da nake shiga ruwa da shi Olympus Tough TG-6 ce. Olympus ya sayar da sashen kyamarorinsa, sunan ya koma OM System, sabuwarta TG-7, amma kusan abu ɗaya ne. Tana jure nutso har mita 15, tana jure faɗuwa daga tsayin mita 2, gilashinta a wajen faɗi f/2.0 ne, tana kuma ajiye hoto a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da ake gyarawa a kwamfuta. Ina iya riƙe ta da hannu mai jinin kifi, in tsoma ta a ruwa in ɗauki komar tana tasowa daga ƙasa. Amma gaskiya ɗaya ce: ƙaramar sensar nan ce a cikinta. Da rana sarauniya ce, da dare kuma sai an taimaka mata da fitila, kuma kada ka jawo gilashin, ka bar shi a faɗinsa inda f/2.0 take. 'Yar kyamarar bidiyon nan GoPro ma haka, tana jure ruwa har mita 10, ta yi kyau a bidiyon jan koma idan ka ɗaura ta a ƙirji, amma hoton dare ba gonarta ba ce. Kuma duk wadda ka saya a cikinsu, ka ɗaura mata igiya mai tasowa saman ruwa. Rashin shigar ruwa bai hana ta nutsewa kamar dutse ba.

Saboda haka idan zan kwana a ruwa biyu nake riƙewa: TG-6 a wuya, sai tsohuwar D5300 da gilashin 35mm a cikin jakar roba mai naɗe baki wadda ruwa ba ya shiga. Ba na fito da ita sai an kashe inji, ruwa ya lafa, an fara jan koma.

Na san wani zai ce, to wayata fa, ai tana da tsarin dare, hoton titi ma fes take fito da shi. Haka ne, amma ka san yadda take yi? Hotuna da yawa take ɗauka cikin daƙiƙa biyu ko uku ta haɗe su su zama ɗaya. Masallaci ko gini ba ya motsi, sai ya fito da kyau. Masunci kuwa hannunsa bai tsaya ba, kifin na fizge-fizge, jirgin kansa na lilo, sai ka samu mutum mai hannu uku kamar aljani. Sannan lambar jure ruwa ta IP68 da ake tallar wayoyi da ita, da ruwan daɗi aka yi gwajin. Ruwan gishiri idan ya shiga kafar caji, ba a ɗaukar lokaci za ka ga kore-kore a ciki.

Yanzu yadda nake saita kyamara da dare. Ina juya ta zuwa M, wato saitin hannu, in buɗe gilashi f/1.8 ko f/2, in sa saurin ƙiftawa 1/125, in bar ISO ya zaɓi kansa amma in yi masa iyaka a 6400. Idan mutanen suna zaune suna hira ina sauka zuwa 1/60, ƙasa da haka ba na zuwa. Mutane da yawa tsoron yashi-yashi ke sa su riƙe ISO a ƙasa, sai hoton ya fito garara-garara saboda motsi. Yashi-yashi ana rage shi a kwamfuta, musamman in da RAW ka ɗauka, amma hoton da ya girgiza ya tafi ke nan. Kada kuma mai shago ya ruɗe ka da cewa kyamarar tana da abin hana rawar hannu. Yana da amfani, amma rawar hannunka kawai yake gyarawa, ba ya tsayar da wanda kake ɗauka. Mazauni mai ƙafa uku kuwa ka bar shi a gida, a cikin jirgin da ke rawa ba abin da zai tsinana sai tare hanya. Dabarar da na koya ita ce in jingina kafaɗa da katakon, in jira jirgin ya hau ƙololuwar igiyar ruwa inda yake ɗan dakatawa kafin ya gangara, sai in saki uku a jere. Galibi na tsakiyar ne ke fita. Wajen saitin da ke sa hoto ya fito tar kuma, cikin ɗige-ɗigen da ake gani a kafar leƙe, ɗigo ɗaya na tsakiya nake amfani da shi, in ɗora shi a kan abin da haske ya taɓa, kamar gefen fuska ko farar riga, don a cikin duhu sosai kyamara sai ta yi ta kai da komo ba ta kama komai ba.

Filash ɗin da ke kan kyamara shi ne babban maƙiyin jiƙaƙƙen kifi. Hasken yana fita ya dawo kai tsaye, kifin ya zama farin faranti, bayan mutumin kuma baƙi ƙirin kamar an yanko shi an liƙa. Ga raɓar teku da ke yawo a iska, kowane ɗigo sai ya fito a hoton kamar ƙwallon auduga. Ni 'yar tocila mai caji nake ba wani yaro ya riƙe min daga gefe, kamar taku biyu daga inda nake, in lulluɓe bakinta da farar leda don hasken ya yi laushi. Daga gefe ɓamɓarokin ke fitowa ɗaya-ɗaya, zufar goshi da jijiyoyin hannu su bayyana. A Chorkor ma, wajen matan da ke banda da daddare, ba na kunna komai. Wutar murhun ta isa, jan haskenta a fuskarsu ya fi duk wata fitila da zan kawo. Sai dai hayaƙin yana barin maiƙo a kan gilashi, ka riƙe ƙyallen gogewa.

A kan ruwa ba a kunna fitila da ka. Daren farko da na yi a teku na saki filash ba tare da na tambaya ba, sai dattijon da ke riƙe da jirgin ya daka min tsawa da yaren Ga, wani matashi da ya taɓa zama a Sabon Zango ya fassara min: "Maigida ya ce ka makantar da shi, kuma in ka sake za ka koma gida da iyo." Na ce, "Ataa, a yi haƙuri, rashin sani ne." Daga baya na gane abin ya wuce kashe ido. Dokar ƙasa ta hana kamun kifi da fitila, saboda haka haske mai ƙarfi a tsakiyar ruwa da dare yana iya jawo wa mutanen da suka ɗauke ka zargin da ba su ji ba ba su gani ba. Tun daga ranar fitilar goshi mai jan haske nake amfani da ita wajen duba maɓallai, na kashe ɗan hasken da kyamara ke fitarwa wajen saiti, na kuma rage hasken allon bayanta. Tocila sai mai jirgi ya ce to. A gaɓa ma ka fara gaida sarkin masunta na wurin kafin ka ɗaga kyamara. Ranar Talata masuntan Ga ba sa fita teku, ranar ce suke ɗinkin koma da gyaran jirgi, kuma ranar ce ta fi dacewa ka je ka zauna a san fuskarka.

Sai gishiri, wanda shi ya ci min kyamarar farko. Ba faɗawa ruwa ta yi ba. Igiyar ruwa ce ta fallatso mata sau biyu a Tema, na goge da gefen riga na mayar jaka, na dawo Nima a gajiye na kwanta. Bayan sati biyu maɓallan suka fara maƙalewa, bayan wata ta daina tashi. Mai gyara ya buɗe ya nuna min cikin, duk ya yi kore da tsatsa. Kada ka ga an rubuta cewa kyamara tana jure yanayi ka saki jiki, yayyafi da ƙura ake nufi, ruwa kuwa ba sa'an kwando ba ne. Yanzu duk ranar da na dawo daga bakin teku, ko ban ga ɗigo ɗaya ya taɓa ta ba, kafin in ci abinci sai na jiƙa tsumma da ruwan leda na matse shi sosai na goge jikin kyamara da gilashi da madauri, sannan in bi da busasshe. TG-6 kuwa, ƙofofinta a kulle, nake jiƙa ta a bokitin ruwan daɗi kamar minti 10, ina danna maɓallan, in bar ta ta bushe a inuwa kafin in buɗe. Ka duba robar bakin ƙofar batir, ƙwayar yashi ɗaya ko silin gashi ya isa ya buɗe wa ruwa hanya. Kuma kada ka sauya gilashi kana fuskantar iskar teku, ka juya baya ka yi shi a cikin jaka.

Gilasaina biyu kuwa laimar Accra ce ta cinye su. Damina ɗaya na bar su a jaka a ƙarƙashin gado, da na ɗaga su a haske sai ga funfuna ta yi saƙa a ciki kamar yanar gizo. Yanzu a robar abinci mai murfi mai kamawa nake ajiye kayana, da ƙunshin silika a ciki, irin 'yan ƙwayoyin nan da ake samu a kwalin sabon takalmi, amma mai yawa. Masu cewa a binne kyamara a shinkafa, ku bar shinkafar a dafa wake da ita. Idan kuma a mota mai sanyi ka zo, bar kyamarar cikin jaka na ɗan lokaci kafin ka fito da ita, in ba haka ba gilashin zai yi gumi, hasken asubar nan na minti 20 ya wuce kana goge-goge. Mutanen Kumasi da ke zuwa tafkin Bosomtwe sun huta da gishiri, amma laima tana nan tana jiransu.

Wajen saye, ko a shagunan Circle da ke nan Accra ne ko ta intanet ka ga talla, kada ka biya sai ka riƙe ta a hannu. Je da memorinka da tocila. Cire gilashin ka haska ta bayansa ka leƙa ta gaba, idan ka ga zare-zare kamar saiwa, ajiye musu abinsu. Duba kan ƙananan kusoshin jikin kyamarar da ƙarafan cikin ɗakin batir, tsatsa ko farin gari a wurin yana nufin ta sha iskar teku. Ɗauki farar takarda a f/16 ka zuƙo hoton, dattin sensa zai fito. Tambayi adadin hotunan da ta taɓa ɗauka: ƙananan Nikon an ƙera su ne don kimanin 100,000, kuma lambar tana ɓoye a cikin kowane hoto, ana iya dubawa a intanet nan take. Gwajin da ya fi kowanne shi ne ka shiga lungun shagon mafi duhu, ka sa ISO 3200, ka ce wa yaron shago ya yi ta kaɗa hannu, ka ɗauke shi a 1/125. Abin da ka gani a nan shi za ka gani a Jamestown da ƙarfe 5 da rabi. Wani mai shago ya taɓa haɗa ni da batir na jabu a cikin kwali mai kyau, ya mutu min a tsakiyar ruwa bayan hoto tamanin, don haka yanzu batir nakan gwada nauyinsa da rubutunsa da wanda na san na asali ne.

Da ɗan yayata muka yi sati uku muna zagaye. A ƙarshe D3300 muka samu, mai hoto 21,000 a kanta, ba gilashin kwali, muka sa mata 35mm f/1.8. Canjin da ya rage ya sayi batir na biyu da robar ajiya da silika, bai kai na filta ba. Ya ɗan ɓata rai don ba ta zuƙowa, na ce masa ƙafafunsa ne zum ɗin. Talatar da ta biyo baya na kai shi Chorkor na gabatar da shi, ya ɗauki wani dattijo yana ɗinkin koma da zaren a haƙorinsa. Na sa shi ya wanke hoton a babbar takarda ya kai wa mutumin da hannunsa. Dattijon ya juya shi, ya sake juyawa, ya kira matarsa ta gani, sannan ya ce yaron ya zo daren Alhamis, akwai wuri a jirgi. Rigar ceto ni zan ara masa, na kuma gaya masa kada ya cika ciki da dokunu kafin su tashi, don leƙen kafar kyamara a kan ruwa mai lilo yana tayar da zuciya fiye da yadda yake zato. Uwarsa ce har yanzu ba ta amince ba, gobe zan je in same ta.